Na yi wa maiɗakina alkawarin komawa kan tsauni, ta rasu ban cika ba

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 59. Wata 15 ke nan da Allah ya yi wa maiɗakina rasuwa, bayan jinyar wata bakwai. Shekara 32 muka yi tare, 'ya'yanmu huɗu, duk sun girma.

A shekararmu ta farko da aure, aiki ya kai ni wani gari da ke gindin wani babban tsauni, na tafi da ita. Wata rana muka hau har wani wuri da mutum ke tsayawa ya hango gajimare a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, can ta ce in yi mata alkawari za mu dawo idan mun tsufa. Na yi. Tun daga nan kusan kowace shekara sai ta tuna mini, ni kuma in ce sai baɗi. Yau kuɗin makaranta, gobe gini, jibi hidimar yara. Ko a gadon asibiti sai da ta yi mini tsiya tana dariya, ta ce baɗina ba ya zuwa.

Yanzu na yi ritaya. Ga lokaci, ga hali, ita ce babu. Ina so in je ni kaɗai nan da wata biyu, ranar da aka ɗaura mana aure. Masaukin yana kan tsayin mita 2,800, wurin da muka tsaya kuma an ce ya kai 3,400. Ina da hawan jini, kuma tun rasuwarta sai na sha magani nake barci.

Babbar 'yata ta ƙi sam. Ta yi kuka, ta ce mahaifiyarta ta bar mata ni amana. Ƙanenta kuma ya ce in je in rufe babin, in dawo a fara maganar aure. Ni kuwa tsoro biyu nake ji. Ina tsoron in je in ga kyan wurin in ji daɗi alhali ba ta nan, kamar na ci amanarta. Ina kuma tsoron in je zuciyata ta kasa ɗauka. Wani lokaci ma sai in ji ko ban dawo ba, ba komai. In je ko in haƙura?

Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan maiɗakinka, ya kai haske kabarinta, ya ba ka da yaran juriyar rashi. Na taƙaita wasiƙarka, na kuma cire sunan tsaunin da na garin, don kada wani ya gane ka.

Amsata ita ce ka je. Amma kafin in faɗi yadda za ka je, bari in kama jimlar da ka ajiye dab da ƙarshe, wadda ka rubuta kamar ta suɓuce maka ne: ko ban dawo ba, ba komai. Ba zan tsallake ta ba, ko da kai ka so a tsallake.

Maganar nan kala biyu ce. Akwai ta gajiya, ta mutumin da ya kwana ya tashi da mace shekara 32, yanzu yake farkawa ya tarar da rabin gado a shimfiɗe ba wanda ya taɓa shi. Masu makoki da yawa suna jin haka, duniyar ta fita daga ransu, ba tare da sun yi nufin cutar da kansu ba. Akwai kuma wadda ta wuce gajiya, ta fara zama shiri. Kai kaɗai ka san wadda take zuciyarka, don haka zan tambaye ka kai tsaye, ba da kwana-kwana ba. Ka taɓa zama ka yi tunanin yadda za ka bar duniya da hannunka? Nacewar da kake yi sai ka tafi kai kaɗai, tana da nasaba da wannan tunanin? Maganin barcin nan, kana sha yadda aka rubuta maka, ko ka fara tarawa? Idan ko ɗaya daga ciki amsarsa e ce, to maganar tafiya ta tsaya tukuna. Ka ga likita cikin makon nan, ka faɗa masa da irin kalmomin da ka faɗa mini, ka zaɓi mutum ɗaya a cikin naka ka sanar da shi, ka kuma miƙa masa maganin ya riƙa ba ka na kowane dare. Ba abin kunya ba ne. Likitoci sun daɗe da sanin cewa maza masu shekaru da suka rasa matansu suna cikin waɗanda wannan haɗarin ya fi kusanta, musamman da yake mu maza mun iya cewa lafiya lau ko da ciki na cin wuta. Idan kuma amsar duka a'a ce, alhamdulillahi, amma duk da haka ka ambata wa likitan. Ai dole ma za ka gan shi, kamar yadda za ka ji a gaba.

To, mu zo ga baɗi.

Ba zan yi maka daɗin baki in ce ba yadda za ka yi ba. A cikin shekara 32 ana iya samun mako ɗaya. Ka sani, na sani, kuma idan na ce maka ba haka ba ne, ba za ka ƙara yarda da sauran abin da zan faɗa ba. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take, kuma taka ta gaske ce. Amma sake karanta alkawarin kamar yadda ka rubuto mini shi. Cewa ta yi idan mun tsufa. Yarinya ce a lokacin, sabuwar amarya, tana tsaye a kan gajimare da mijin da ba ta gama sani ba. Abin da ta roƙa a wurin ya fi tafiya girma. So take ka ce mata za ku kai tsufa tare. Wannan kuwa ka riƙe shi iyakar inda aka ba ka iko, har bakin gadon asibiti. Kuɗin makarantar da ginin da suka cinye baɗin naka, ai ba kai kaɗai ka zaɓe su ba. Tana nan aka yi lissafin, 'ya'yanta ne aka biya wa, a ɗakinta aka yi rufin.

Sannan ka dubi yadda ta yi maka maganar a ƙarshe. Tana dariya. Wanda ke bin ka bashi yana jin haushi ba ya tuna maka cikin raha, balle a irin wannan gado. Ni abin da na gani a nan shi ne wasan da ya zama naku ku biyu, irin wanda kowane tsohon aure ke da shi: ita ta jefo, kai ka cafe da amsar da ta riga ta sani. Tana jinya, ta san inda aka dosa, sai ta ɗauko wasan nan ta jefa maka sau ɗaya na ƙarshe. Ina ganin tausayinka ta ji. Na faɗi haka ne don kada ka hau tsaunin kamar wanda zai je biyan tara. Mai biyan tara ba ya tsayawa ya huta, ba ya juyawa idan jiki ya ƙi, don gani yake wahalar tana cikin hukuncin. Irin wannan mutumin ne tsauni ke kayarwa.

Ɗanka yana sonka, amma maganarsa ta rufe babi ba ta da tushe. Tunanin cewa baƙin ciki hawa-hawa ne, ana gama wannan a shiga wancan har a fita ta ƙofar ƙarshe, ya yaɗu ne daga aikin wata likita 'yar asalin Suwizalan mai suna Elisabeth Kübler-Ross, wadda a 1969 ta zayyana matakai biyar. Abin da mutane ke mantawa shi ne, hirarrakinta da marasa lafiyar da ke fuskantar tasu mutuwar ta yi, ba da waɗanda aka mutu aka bari ba. Masu binciken da suka biyo baya sun ga abin daban. A 1999, Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka bayyana cewa mai makoki kai-komo yake yi: yau yana cikin kewa tsundum, gobe yana gyaran famfo yana lissafin fansho har ya yi dariya, jibi kewar ta dawo. Kuma wannan kai-komon shi ne lafiyar, ba alamar koma-baya ba. Wasu masanan kuma tun 1996 suka nuna cewa yawancin mutane ba sa yanke alaƙa da mamacinsu, sauya mata kama suke yi, su ci gaba da rayuwa da ita. Saboda haka kada ka ɗora wa tsaunin aikin da ba nasa ba. Za ka sauko kana kewarta. Maganar aure kuma ka raba ta da wannan tafiya gaba ɗaya. Ka ce wa yaron ka ji, idan lokacinta ya yi kai za ka ɗauko ta da bakinka.

'Yarka ce na fi so mu daɗe a kanta, don ina ganin a nan ne za a gyara ko a ɓata.

A wasiƙarka ta fito kamar shinge a kan hanya. Amma ka tuna ita ma wata 15 ke nan da ta rasa uwa. Babbar 'ya ce, kuma ba sai an gaya mini ba, na san wa ya fi kwana a asibiti cikin wata bakwai ɗin nan. Ta ga yadda mutum ke tafiya a hankali a hannunta ba ta iya tsayar da shi ba. Yanzu wanda ya rage mata ya ce zai hau dutse shi kaɗai, da hawan jini, a ranar da ta san ta fi kowace rana nauyi a gare shi. Kuma kada ka raina idon 'ya mace a kan ubanta. Jimlar nan da ka rubuto mini, wataƙila ba ka taɓa furta mata ita ba, amma ba mamaki ta karanta ta a yadda kake barin abinci, ko yadda kake zama a duhu ba ka kunna fitila ba. Kukanta ba na raini ba ne.

Ba izininta kake nema ba, kai ne uba. Amma kada ka yi mata bazata, kada kuma ka bi ta kan ƙanenta ka kafa mata hujja da shi, don hakan zai bar tabo tsakaninsu bayan an manta da tafiyar. Ka je gidanta da kanka, ba ta waya ba. Ka ba ta labarin hawan farko dalla-dalla: irin takalmin da mahaifiyarta ta sa, inda ta gaji ta zauna, abin da ta ce. 'Ya'ya sun san uwarsu a matsayin uwa, ba su san yarinyar da ta tsaya ta kasa magana don kyan gajimare ba. Kai kaɗai ka rage da ke riƙe da wannan matar. Idan ka ba ta ita, za ta fahimci abin da ke jan ka fiye da duk wata hujja. Daga nan sai ka sa mata hannu a cikin shirin. Ta raka ka wurin likita ta ji da kunnenta. Ta riƙe lambar masaukin da ta ɗan jagora. Ku yanka lokacin da za ka riƙa kiran ta safe da yamma. Wanda aka ba wa amana aka hana shi abin yi, tsoro ne kawai ke rage masa.

Maganar tafiya kai kaɗai kuwa, ban goyi baya ba, ko da amsoshinka na sama duk a'a ne. Na gane abin da kake gudu. Ba ka son wanda zai tsaya a kanka yana cewa sai haƙuri, ko ya ciro waya ya ce ka juyo a ɗauki hoto. Kana da gaskiya. Amma kaɗaicin da kake bukata na awa ɗaya ne, ba na kwana biyar ba. Ka tafi da mutum ɗaya, ku ɗauki ɗan jagora na wurin, idan kun isa su ja baya su zauna inda suke hango ka amma ba sa jin ka. Wajen zaɓen abokin tafiya abu ɗaya za ka duba: wa ya iya shiru? Idan 'yarka ce, madalla, amma ka auna da gaske. Idan za ta riƙa ƙirga numfashinka, kai kuma ka riƙa haɗiye hawaye don kada ka tayar mata da hankali, to gara wani tsohon aboki ko ɗan'uwanka, ita ta tsaya a masauki ko a gida.

Yanzu jiki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙafafun da suka hau wancan karon na ɗan shekara ashirin da wani abu ne. Daga wajen mita 2,500 ne ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsayi ke jawowa, ke fara kama mutane, kuma masaukin naka ya riga ya wuce nan. A mita 3,400, iskar oksijin da ke shiga ƙirjinka a kowane numfashi kusan kashi biyu bisa uku ce ta wadda ake samu a bakin teku. Zuciya kan ƙara gudu don ta cike giɓin, jini kuma kan ɗan hau, shi ya sa mai hawan jini ba ya zuwa sai an tabbatar nasa a daidaite yake. Sanyi ma haka: duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5, wato a wurin da kuka tsaya za a iya samun bambancin digiri 22 da bakin teku, ban da iska. Abin da ya fi damuna shi ne maganin barcin. Wasu irinsa suna rage ƙarfin numfashi da dare, a daidai inda jiki ya fi bukatarsa. Ka kai wa likita kwalin ya gani, ka gaya masa tsayin wurin da lambobinsa, kada kuma ka daina sha da kanka rana ɗaya. Akwai maganin rigakafin ciwon tsauni, amma shi zai duba ko ya dace da na hawan jinin da kake sha.

Kada ka ɗauka baƙin ciki a rai kawai yake tsayawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, a kan mutum kusan 2,000 da suka yi bugun zuciya, ya gano cewa haɗarin kan ninka kusan sau 21 a ranar farko bayan rasuwar makusanci, sannan ya riƙa sauka cikin makonnin da ke biye. Kai ka wuce wannan gaɓar tuni. Na kawo shi ne don ka yarda cewa zuciyar da ke kewa da wadda ke harba jini guda ce, kuma ita za ka ɗora wa hawan.

Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Alamomin ciwon tsauni su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, kasala da rashin barci, kuma sukan bayyana bayan wasu awanni da isa, sau da yawa a daren farko. Duba jerin nan da kyau. Ban da ciwon kai, ai da su kake kwana kake tashi tun bara. Cikin sauƙi za ka ce kewa ce ta motsa, alhali jiki ne ke neman a saukar da shi. Wannan ma dalili ne na tafiya da wani. Don haka ka kwana ɗaya ko biyu a ƙasa-ƙasa kafin ka kai masaukin, kada ka hau a ranar da ka iso, idan kuma kai na ciwo kada ka ƙara ko taku ɗaya sama sai ya lafa. Idan numfashi ya yi wuya kana zaune, ko tari ya zo da kumfa, ko tafiya ta zama tangaɗi, ko magana ta fara rikicewa, sauka ake yi nan take, ko da tsakar dare ne, a nemi asibiti. A wata biyun da suka rage ka fara tattaki kullum, ka riƙa haɗawa da hawan bene ko tudu, da takalmin da za ka tafi da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar da ka zaɓa tana da ma'ana, ban ce ka canza ba. Amma tsauni bai san kalanda ba. Ka tambayi mutanen wurin ko lokacin na hawa ne, ka kuma bar rarar kwana biyu ko uku. Idan ranar ta zo da hazo ko ruwa, ka yi ta a masauki, ka hau washegari. Ku kuma yanka da ɗan jagora ƙarfe nawa za a juyo, an kai ko ba a kai ba. Saukowa ta fi hawa wuya ga gwiwa, kuma a lokacin ne mutum ya gaji, ga ido ya sha kuka.

Ka shirya wa cewa wurin ya canza. Fiye da shekara 30 ba wasa ba. Wataƙila an yi titi, an kafa ƙarfen sadarwa, ka tarar da matasa suna ta hayaniya da hotuna a kan dutsen da ta zauna. Wataƙila ma ka kasa tantance ainihin inda kuka tsaya. Kuma wataƙila ka isa ka ji ba ka ji komai ba. Wannan na ƙarshen ya taɓa samuna. Bayan rasuwar mahaifina na yi doguwar tafiya zuwa wani wuri da yake ƙauna, na zauna ina jiran kuka, sai na tsinci kaina ina tunanin ko na kulle mota. Na dawo ina jin haushin kaina. Bayan kwana huɗu ina neman batir a aljihun tebur, na ci karo da tabaransa, ƙafa ɗaya ɗaure da zare kamar yadda ya ɗaure ta da hannunsa. A nan ƙasa na zauna, ban tashi ba sai da aka zo aka same ni. Kuka ba ya zuwa don an yi masa alƙawarin wuri da lokaci. Idan naka bai zo a can ba, ba shaidar cewa son ya ragu ba ne.

Idan kuma daɗi ka ji fa? Wannan tsoron naka shi ya fi taɓa ni. Malam, shekara talatin matar nan tana ja maka hannun riga don ka sake ganin abin nan. Ba don wurin na da muni ta nace ba. Idan ka tsaya a can gajimare ya buɗe a ƙarƙashinka, ƙirjinka ya yi sanyi, to ka ga abin da ta gani ke nan, ka kuma gane dalilin nacinta. Daɗin da zafin tare za su zo, cikin numfashi ɗaya, ba sai ka zaɓi guda ba.

Abin da za ka yi a can kada ya yi yawa. Ka yi mata addu'a. Idan akwai maganar da ta tsaya maka a wuya, ka faɗe ta a fili. A garin Otsuchi na ƙasar Japan, wani mutum mai suna Itaru Sasaki ya kafa rumfar tarho a lambunsa da ke kan tudu a 2010, bayan rasuwar wani ɗan'uwansa. Tarhon ba a haɗe yake da kowane layi ba. Da igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa yankin a watan Maris na 2011, sai ya buɗe wa jama'a, dubban mutane suka riƙa zuwa suna ɗaga kan tarhon suna faɗin abin da ba su samu faɗa ba. Ba wanda ya je can yana jiran amsa, ni ma ba cewa nake mamaci zai amsa maka ba. Amma maganar da ta fita ta baki nauyinta daban da wadda ke ta juyawa a ciki. Idan baki ya ƙi, ka rubuta tun a gida ka karanta a can. Ka ɗauki wani ƙaramin abu nata a aljihu, ka kuma dawo da shi. Wurare irin waɗannan galibi suna da dokar hana barin kaya, kuma wata rana jikokinka za su so su taɓa shi.

Ranar da na fi ji maka ba ta hawan ba ce, ta dawowa ce. Tafiyar nan ita ce abu na ƙarshe da ya rage a gabanku ku biyu. Muddin ba ka yi ta ba, akwai sauran wani abu naku da bai faru ba tukuna. Idan ka yi, ka buɗe ƙofa ka tarar da gidan yadda ka bar shi, shirun zai iya fin na da. Saboda haka ka tsara dawowar kamar yadda ka tsara tafiyar. Wani ya tarbe ka. Ka kwana biyu a wurin ɗaya daga cikin yaran. Ka sa wani abu tabbatacce a makon da ke biye, wanda wani zai jira ka a kai, ko da kai jika makaranta ne. Idan kuma watanni suka shuɗe kewar na nan da zafinta na ranar farko kusan kullum, har tana hana ka harkokin yau da gobe, to wannan yana da suna a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa doguwar damuwar rashi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ma ta sa ta a nata a watan Maris na shekarar. Ƙalilan ne cikin masu makoki take kamawa, kuma ana samun sauƙinta ta hanyar zama da ƙwararre. Wata 15 kana neman barci da magani ya isa dalilin a duba.

Idan likita ya ce a'a fa? Ba shi ke nan ba. Garin da ke gindin tsaunin ma naku ne, a can kuka yi kwanakin amarci. Kana iya zuwa ka tsaya inda jikinka ya yarda, ka ɗaga kai ka kalli wurin. Idan akwai hanyar mota zuwa sama, ka tambayi likitan ko za ka iya zuwa ka yi ɗan lokaci ka sauko ka kwana a ƙasa. Idan kuma ya ce a jira jini ya daidaita, na san kalmar da za ta faɗo maka a rai, kuma na san za ta yi ɗaci. Ka sa mata rana a takarda, ka kama masauki, ka gaya wa yaran. Baɗin da ke da kwanan wata daban yake da wancan.

Abu biyu nake so ka yi kafin makon nan ya fita. Ka karɓi ranar ganin likita. Sannan idan ka je wurin 'yarka, bayan ka gama ba ta labarin, ka tambaye ta abin da ban ga alamar ka taɓa tambaya ba: ranar da mahaifiyarta ta bar mata kai amana, me ta ce mata, da waɗanne kalmomi? Ka bar ta ta faɗa har ƙarshe, kada ka katse ta.